Doka ko labari: wa ke da gaskiya idan gardama ta tashi a teburin wasan kwaikwayon jarumai?

Mutum biyar ne zaune a tebur, huɗu da takardun jarumansu a gabansu, na biyar shi ne jagoran wasa. Ɗaya ya ce jaruminsa ya zare takobi ya sari dodo mai aman wuta a wuya, ya kai hannu zai jefa 'ya'yan lido. Jagora ya tsayar da shi: "Dakata, babu abin jefawa a nan. Takobinka ba ya cin wannan fatar." Ɗan wasan ya buɗe littafi ya ɗora yatsa a kan layi: doka ta ce duk wanda ya kai hari a faɗan gaba da gaba ya jefa. To wa ke da gaskiya, mai riƙe da shafi ko mai riƙe da labari?

Tambayar ta yawaita tun da wannan wasa ya fita daga hannun tsirarun masoyansa. Shirin Critical Role, inda ake kallon mutane suna buga wasan, da aka fara watsawa a 2015, da wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 na 2023 sun jawo sababbin mutane da yawa. Mafi yawansu suna zuwa da ɗayan zato biyu: ko dai littafi ya riga ya amsa komai kamar yadda kwamfuta ke yi, ko kuma jagora sarki ne, abin da ya faɗa ya zauna. A wasannin da suka fi karkata ga labari, zaton biyu duk ba su yi daidai ba.

Wane irin wasa ake nufi

Wasa ne na baki. Jagora yana siffanta wuri da halin da ake ciki, kowane ɗan wasa yana faɗin abin da jaruminsa ya yi, idan an kai inda ba a san yadda za ta kaya ba sai a jefa lido. Sau da yawa babu allo da ke nuna inda kowa yake tsaye, sai abin da ke cikin kawunan mutanen. A irin su Dungeons & Dragons dokoki sun fi zurfi wajen auna abubuwa: nisa, ƙarfin makami, yawan rai. A irin su Apocalypse World, Fate da Blades in the Dark, dokokin sun fi damuwa da wa zai yi magana, yaushe, kuma me zai biyo baya. Waɗannan na biyun ne ake kira wasanni masu bin labari.

Gardamar ta girmi wasan

A 1824 Georg von Reisswitz ya gabatar wa sojojin Purushiya, a Jamus ta yau, wasan horar da hafsoshi mai suna Kriegsspiel, cike da jadawali da lido da alƙali a tsakiya. Dokokin sun yi nauyi har wasan ya riƙa tafiyar hawainiya. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya fito da wani salo da ya ajiye jadawalin gefe ya bar wa gogaggen alƙali hukunci. Tun daga nan aka rabu gida biyu: masu amincewa da takarda da masu amincewa da mutum.

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ya gaji wannan alƙalin. Vampire: The Masquerade na 1991 ya fito fili ya ba jagora damar watsar da duk dokar da ta tare wa labari hanya. Sai Ron Edwards, wani mai ƙirƙirar wasanni, ya yi martani a 1999 da maƙalarsa mai cewa tsarin doka yana da tasiri, wato idan dole sai jagora ya riƙa gyara doka kafin wasa ya yi daɗi, to dokar ce ba ta yi ba. A ɗaya gefen, Matthew Finch, shi ma mai ƙirƙirar wasanni, ya rubuta a 2008 cewa hukuncin nan take ya fi doguwar doka. Duk wanda ke ja-in-ja a tebur yau, ko ya sani ko bai sani ba, a cikin ɗayan waɗannan layukan yake tsaye.

Lafazi, manufa, da daɗin wasa

Masu wasa suna da gajerun kalmomi uku da suka zama ruwan dare. RAW shi ne doka kamar yadda aka rubuta ta, lafazi tsantsa. RAI shi ne abin da marubucin ya nufa. RAF shi ne karatun da zai fi sa wasa ya yi armashi. Jeremy Crawford, ɗaya daga marubutan dokokin wasan, ya yi amfani da wannan rabe-raben a amsoshinsa na Sage Advice kan bugu na 5 na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014.

A can, karatun lafazi yana aiki sosai, don an rubuta dokokin ne su sarƙe da juna. Akwai ƙa'idar cewa keɓaɓɓiyar doka tana rinjayar ta gama-gari. Akwai cewa fifiko (a jefa lido biyu a ɗauki babba) da tawaya (a ɗauki ƙarami) suna soke juna, ko da fifikon ɗaya ne tawayar ta kai uku. Haka nan mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ya jefa 20 a lido mai fuska ashirin ya yi nasara a komai, alhali a littafin 2014 wannan tabbacin na kai hari ne, bai shafi gwajin ƙwarewa ba. Irin wannan saɓani shafi ɗaya ke kashe shi.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki wannan ɗabi'a aka kai ta wasa mai bin labari. A can rabin dokar kawai ke kan takarda. Ɗaya rabin yana cikin abin da aka faɗa a tebur minti biyu da suka wuce.

Inda doka ke kamawa

Apocalypse World, na Vincent Baker da Meguey Baker, ya fito a 2010 da wani gini da wasanni da yawa suka ara daga baya. Kowace doka ta ɗan wasa, wadda za a iya kira yunƙuri, tana farawa da sharaɗi: "idan ka yi kaza, to jefa." Sharaɗin a cikin labari yake cika, ba a bakin ɗan wasa ba. Ba za ka ce "zan yi amfani da yunƙurin tsoratarwa" ka jefa ba, sai ka faɗi me jaruminka ya yi, me ya riƙe, me ya ce. Haka kuma idan jaruminka ya aikata abin da ya cika sharaɗin, ba ka da ikon ƙin jefawa don kana tsoron sakamako. Abin yana ci ta gaba yana ci ta baya.

Mu koma kan dodon. A Dungeon World na 2012, wanda aka gina a kan wannan tsari, yunƙurin faɗa yana kamawa ne idan ka kai wa abokin gaba hari gaba da gaba. Amma littafin ya fayyace cewa hari shi ne abin da zai iya yin lahani. Saran dodo mai sulken ɓawo da takobin da kowa ke riƙewa ba hari ba ne, don haka babu jifa. Ta ɗaya ɓangaren, caka wa mai barci wuƙa shi ma ba wannan yunƙurin ba ne, don babu faɗa a ciki, lahanin kawai zai auku. Dodon wannan wasa makin ransa 16 ne kacal da sulke 5, abin da zai ba mai zuwa daga Dungeons & Dragons dariya. Abin da ke kare shi ba lamba ba ce. Wahalar isa gare shi ce, da neman inda makami zai shiga.

Ke nan ta fuskar doka jagora ne da gaskiya. Amma ba a nan take ba. Idan bai taɓa siffanta kaurin ɓawon ba, bai ce kibiyoyi sun riƙa tsalle daga jikinsa ba, to ɗan wasan ya yanke shawara ne a kan hoton da ba a ba shi ba. Laifin jagora ne, kuma gyaran shi ne ya ce: "Jaruminka zai ga wannan tun kafin ya sara. Fatar kamar ƙarfe take. Har yanzu saran za ka yi, ko wani abu?" A ra'ayina, mafi yawan abin da ake kira gardamar doka a irin waɗannan wasanni wannan ne: mutum biyu suna kallon hoto biyu daban, kowa yana zaton ɗayan ne bai iya karatu ba.

Tsakiyar lido, inda gizo ke saƙar

A wannan tsari ana jefa lido biyu masu fuska shida a ƙara lambar jarumi. Daga 10 zuwa sama nasara ce cikakkiya. Daga 7 zuwa 9 nasara ce mai tsada. Daga 6 zuwa ƙasa jagora ne zai faɗi abin da ya faru, kuma ba daɗi.

Lissafin yana da sauƙi, tunda haɗuwa 36 ce gaba ɗaya. Ba tare da ƙari ba, 6 daga cikinsu ne ke ba da cikakkiyar nasara, 15 suna faɗawa tsakiya, 15 faɗuwa ce. Da ƙarin 1, sai ya zama 10, 16, 10. Da ƙarin 2, sai 15, 15, 6. Wato daga jarumi marar ƙari har mai ƙarin 2, fiye da kashi 40 cikin 100 na jifansa a tsakiya za su sauka. Duk teburin da bai daidaita a kan ma'anar 7 zuwa 9 ba, zai yi gardama kusan a kowane jifa biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jagora ya mai da tsakiyar ta zama faɗuwa. 'Yar wasa ta jefa 8 don jarumarta ta haura katanga, jagora ya ce ta kai rabi ta zamo. Wannan ba 8 ba ne, 5 ne aka sa wa riga. A 8 ta haura, wannan ya tabbata. Abin da ya rage shi ne tsadar: igiyar ta tsinke a bayanta, ko mai gadi ya ji motsi, ko a ba ta zaɓi tsakanin barin jakarta da rasa lokaci. Kuskuren da ke kishiyar wannan shi ne tsadar ta zama ta baka kawai, a ce "kin ɗan gaji" ba tare da wani abu ya canza ba. Ma'aunin da ke aiki shi ne tambaya biyu: ta samu abin da ta nema? Halin da ake ciki ya ƙara tsanani? Dole amsar duka biyun ta zama e.

Akwai kuma ɓarnar maimaita jifa. Jarumi mai ƙarin 1 yana da 26 cikin 36 na kauce wa faɗuwa, kusan kashi 72. Idan jagora ya sa shi ya jefa sau uku don saɗaɗawa ta farfajiya ɗaya, a ƙofa, a tsakiya, a matakala, damarsa ta tsira duka ukun ta sauka zuwa kusan kashi 38. Babu dokar da aka karya a lafazi, amma an kayar da shi da lissafi. Don haka ne Burning Wheel na Luke Crane ya kafa cewa sakamakon jifa yana nan daram har sai yanayi ya canza da gaske. Dogs in the Vineyard na 2004 kuwa ya taƙaita wa jagora aiki: ko ka ce to, ko a jefa lido. Idan babu abin da za a rasa, babu dalilin jifa.

Wa ke da ta cewa

Blades in the Dark na John Harper, wanda ya fito a 2017, ya yi abin da tsofaffin wasanni ba su cika yi ba: ya raba ikon yanke hukunci a rubuce. Ɗan wasa ne ke zaɓar ƙwarewar da zai jefa da ita. Jagora ne ke faɗin ko jifa ya zama dole, da girman haɗarin, da girman tasirin. Haɗari mataki uku ne, daga wanda ke hannunka, zuwa mai kasada, zuwa na ƙaƙa-ni-ka-yi. Tasiri ma uku ne: kaɗan, daidai, babba. Idan ba a faɗi komai ba, na tsakiya ake ɗauka a duka biyun.

Dubi yadda wannan ke kashe wata tsohuwar rigima. Ɗan wasa ya ce zai buɗe akwatin ƙarfe da ƙarfin tuwo maimakon dabarar makulli, don a nan lidonsa ya fi yawa. Jagora ba zai ce "ba a yi" ba. Zai ce: "To, amma ƙara za ta tashi, haɗarin babba ne, kuma kwalaben da ke ciki za su iya fashewa, tasirin kaɗan ne." Ɗan wasan ya ji farashi tun kafin ya saya, yana iya ci gaba ko ya sake dabara. Duk wannan ciniki kafin jifa ake gama shi.

Bayan jifa ma ɗan wasa yana da mafita. Idan bai yarda da mummunan sakamako ba, sai ya ce ya tare shi. Tarewar kullum tana aiki, jifan da zai yi na farashi ne kawai: 6 a cire lido mafi girma, abin da ya rage shi ne matsin da zai ɗauka, kuma gurbin matsi 9 ne kafin jarumi ya samu tabon da ba ya gogewa. Abin da jagora ke yankewa shi ne ko tarewar ta kawar da sakamakon gaba ɗaya ko ta rage shi. A nan ne ake yawan saɓawa, kuma tebur ya kamata ya tsayar da matsaya ɗaya tun farko, don ita ce ke nuna ko wasan na jarumtaka ne ko na wahala.

Siffa gaskiya ce ko sai an biya?

A Fate, wanda bugunsa na Core ya fito a 2013, jarumi da wuri da yanayi duk suna da siffofi, gajerun jimloli kamar "Ɗaure da sarƙa" ko "Ɗakin ya cika da hayaƙi." Ana kashe tsaba ɗaya, wato makin da 'yan wasa ke riƙewa kamar kuɗin wasan, a kira siffa, a samu ƙarin 2 ko a sake jifa. Ƙarin 2 ba wasa ba ne a nan: lido huɗun Fate suna ba da daga ragin 4 zuwa ƙarin 4, kuma 51 cikin haɗuwa 81 suna tsakanin ragin 1 da ƙarin 1.

Rigimar ita ce: idan ba a kashe tsaba ba, siffar tana aiki? Tana yi. Siffa gaskiya ce a labari ko an biya ko ba a biya ba. Wanda ke ɗaure da sarƙa ba zai ruga da gudu ba, kuma abokin gaba ba ya buƙatar biyan komai don hakan ya tabbata. Tsaba tana sayen lamba ne kawai. Inda abin ke lalacewa shi ne siffa mai faɗi fiye da kima, irin "Gwani a komai," wadda mai ita zai so ya kira a kowane jifa. Maganinta a ranar ƙirƙirar jarumi yake: a tambaye shi misali biyu inda za ta taimake shi, da misali biyu inda za ta jawo masa masifa. Idan ya kasa kawo na biyun, a sake rubuta ta.

Doka ta sifili

Haka ake kiran ƙa'idar cewa jagora yana sama da littafi. Littafin jagora na Dungeons & Dragons na 2014 ya faɗe ta ƙarara, cewa ba dokoki ke mulki ba, jagora ne. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi: babu littafin da zai hango duk abin da mutum biyar za su ƙirƙiro, kuma tsayawa bincike yana kashe wasa. Masu suka suna cewa idan jagora zai iya soke kowace doka a kowane lokaci, to ɗan wasa ba ya iya shirya komai, zaɓinsa ya zama roƙo.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ba kowane wasa ne ya ba da wannan izini ba. Apocalypse World ya gaya wa jagoransa cewa babin jagoranci dokoki ne, ba shawarwari ba, kuma ya hana shi tsara ƙarshen labari tun kafin a buga. Jagoran da ya zo da doka ta sifili cikin irin wannan wasa ya karya yarjejeniyar da sauran suka zauna a kanta. Fate ya tsaya a tsakiya: fara da sanin me kake son cimmawa, sannan ka nemi dokar da za ta taimaka, kuma kada doka ta hana abin da hankali ya yarda da shi a labari. Ko a nan ɗin, da yardar tebur ake yi.

Shi kuma wanda ake yi wa laƙabi da lauyan doka, ba kullum ne abin zargi ba. Wanda ke tuna wa tebur doka ko da ta cutar da jaruminsa, taska ne. Wanda ba ya tunawa sai in za ta amfane shi, shi ne matsalar.

Yadda ake kashe wutar a tebur

Kafin a taɓa littafi, a daidaita hoton. Jagora ya sake faɗin inda kowa yake, me ke hannunsa, me ya gani. Sannan a raba niyya da hanya: me ɗan wasan ke son ya samu, kuma ta yaya? "Ina so in sare shi" hanya ce. Niyyar wataƙila ita ce ya janye hankalin dodon daga abokinsa da ya faɗi, kuma wannan abu ne mai yiwuwa ko da takobin ba ya cin fata. Sau da yawa gardamar a nan take mutuwa.

Idan ba ta mutu ba, a karanta dokar da ƙarfi, daga sharaɗinta har ƙarshe, ba daga ƙwaƙwalwa ba. A ba abin minti biyu. In har yanzu lafazin yana ɗaukar ma'ana biyu, wanda wasan ya ba ikon wannan fanni ya yanke na wucin gadi, ya faɗa a fili cewa na yau ne kawai, kuma idan ran jarumi ne a kan layi a karkata wajen ɗan wasa. Jarumin da ya tsira bisa kuskure ana iya gyara lissafinsa a zama na gaba, wanda ya mutu bisa kuskure kuwa sai an warware labarin dare guda.

Bayan an tashi a duba da kyau, a duba ko kamfanin ya fitar da gyaran kurakuran bugu, a tsayar da matsaya, a rubuta ta a takarda ɗaya da kowa ke iya gani. Dokar gida da ba a rubuta ba takan canza da wanda ya fi ɗaga murya. Kuma hukuncin da aka yi wa jarumi yau, gobe ya hau kan abokan gabansa: idan an yarda turawa daga bene tana kashe mutum nan take, to masu gadin ma sun iya turawa.

Wanda ya fi cutuwa da doguwar gardama ba ɗayan masu yin ta ba ne. Zaman awa uku mai 'yan wasa huɗu yana ba kowa kusan minti 45 idan an raba daidai, kuma minti 20 na ka-ce-na-ce daga rabon masu shiru ake cire su, galibi sababbi waɗanda ba su san littafin da za su sa baki ba. Shi ya sa zaman share fage, wanda ake yi kafin wasa na farko, ya kamata ya amsa abu uku a rubuce: wa ke yanke hukunci a kan me, minti nawa ake ba bincike a tsakiyar wasa, kuma ko an yarda a janye mataki idan ya bayyana ɗan wasa bai fahimci yanayin ba kafin ya jefa.